Yadda na shawo kan aman laulayi

Tun cikina yana sati 6, da na farka sai amai. Na rage cin abinci ko zan samu sauƙi, ashe yunwar ce ke ƙara tayar min da zuciya. Shayin citta ya ɗan taimaka, amma bai hana aman ba.

Ranar awo na faɗa wa nas. Ta ce in daina shan ƙwayar ƙarin jini da sassafe ban ci komai ba, in mayar da ita dare bayan abinci. Na kuma ajiye busasshen biskit a gefen gado: in ci biyu, in kwanta minti 20, sannan in miƙe a hankali. Abinci kaɗan-kaɗan duk awa 2, ruwa kuwa sai tsakanin abinci, kurɓi-kurɓi.

Kwana huɗu aman ya tsaya. Alhamdulillahi, Allah ya saka mata da alheri.