Gwada Tsohon Hannu Kafin a Ɗauke Shi Aiki: Inda Muke Kuskure

A Sakkwato, kunya ce take fara kayar da mai ɗaukar ma'aikaci. Mutum ya zo da furfura, ya ce shekararsa 20 yana haɗa sola ko ɗinki, sai nauyinsa ya hana ka ce ya gwada maka. Ka ɗauke shi a kan takarda da shaidar ɗan'uwa. Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa. Tun 1998 masana biyu a Amurka, Schmidt da Hunter, suka tattara binciken shekara 85, suka gano gwajin aikin hannu ya fi yawan shekarun da mutum ya yi yana aiki nuna wanda zai iya. Gani ya kori ji. A gwada kowa, kuma a faɗa tun wajen sanarwa, don kada dattijo ya ɗauka shi kaɗai aka raina.

Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne a ba gwani gwajin ɗan koyo. Na taɓa ganin an ce wa wani tsohon tela ya sa maɓalli, yaran shago suna tsaye suna kallo. Bai ce uffan ba. Ya gyara hularsa, ya ce "Allah shi ba mu alheri," ya fita. Shagon ne ya yi asara. Babba, abin da ake nema gare shi basira ce. In tela ne, miƙa masa babbar rigar da wuyanta ya karkace, ka ce, "Baba, ina matsalar take?" Mai sola kuwa, kai shi gaban inbatar da ke ɗaukewa da tsakar rana a zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, ka ga abin da zai fara dubawa: batir, waya, ko ƙurar da ta rufe farantan solar. Ku biyu kawai, ba a gaban yara ba.

Wasu kuma suna fakewa da gwaji su ci gumin mutum. Kwana uku ana gab da Sallah yana ɗinkin kwastoma, sannan a ce masa "za mu kira ka." Wannan zalunci ne. Awa ɗaya ko biyu ta isa, in kuwa aikin ya shiga hannun mai saye, a biya shi ladansa a ranar, ko an ɗauke shi ko ba a ɗauka ba.