Yadda Ake Tsara Gyaran Dandamalin Katako na Gida Tare da Ɗan Kwangila

Dandamalin katako da ake kafawa a jikin gida don zaman shan iska yana kwana yana wuni a ƙarƙashin rana da ruwan sama, shi ya sa yakan riga sauran ginin tsufa. Yawancin masu gida suna fara tunanin gyara ne idan allunan da ake takawa sun tsattsage ko fentinsu ya koɗe, alhali kuwa abin da ke riƙe da nauyin mutane yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Duk tsarin da za ka yi da ɗan kwangila ya kamata ya faro daga wannan ɓoyayyen sashe, domin shi ne zai nuna ko aikin na sauya alluna kaɗan ne ko kuwa na rushewa a sake ginawa.

Mataki na farko: ka duba da kanka kafin ka kira kowa

Ka ɗauki tocila da sukuddireba ka leƙa ƙarƙashin dandamalin. Duk inda katako ya yi baƙi ko ya jiƙe, ka soka masa bakin sukuddireba. Idan ƙarfen ya shige ba tare da ka matsa ba, ko katakon ya marmashe maimakon ya tsage da tsawo, to ya ruɓe. Ƙwayoyin da ke ruɓar da katako danshi suke bi, kuma katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa, saboda haka wuraren da ruwa ke kwanciya su ne abin zargi: gindin ginshiƙai, ƙarshen katakan da ke kwance a ƙarƙashin alluna, da ƙasan matakala. Ka lura da hanyoyin ƙasa da gara ke ginawa a jikin ginshiƙi, ka girgiza shingen gefe da ƙarfi ka ga ko yana motsi, sannan ka ɗauki hoton duk abin da ka gani.

Wurin da ya fi kowane haɗari shi ne doguwar katakon da aka manna a bangon gida, wadda rabin nauyin dandamalin ke rataye a kanta. Wajibi ne a ɗaure ta da manyan notoci ko sukurori masu kauri da suka shiga cikin ƙashin ginin, domin ƙusa kan zare a hankali har wata rana dandamalin ya rabu da bango gaba ɗaya. Haka kuma dole ne a samu siririn kwano a samanta da zai hana ruwa shiga tsakaninta da bango. A watan Yunin 2015 wata baranda ta rufta a birnin Bakili na jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 6 suka mutu a ranar, kuma bincike ya nuna ruwa ne ya shiga katakan da ke ɗauke da ita ya ruɓar da su. Idan ka ga ƙusa kawai a wannan wuri, ko ka ga alamar ruɓa, ka hana kowa hawa har sai gwani ya duba.

Mataki na biyu: zaɓen ɗan kwangila

Ka gayyaci aƙalla mutum 3, kowannensu ya zo ya ga aikin da idonsa. A ganina, ba farashin da ya faɗa ne zai fara nuna maka gwani ba, yadda ya yi dubawar ne. Wanda ya tsaya a sama ya kalli alluna ya yanke kuɗi bai san abin da zai tarar ba, wanda kuwa ya durƙusa ya shiga ƙasa ya taɓa ginshiƙai, ya tambayi shekarun dandamalin da inda ruwan rufi ke zuba, shi ne ya cancanci a ci gaba da magana da shi. Ka nemi ganin lasisinsa idan dokar wurinku ta tanadi haka, da takardar inshorar da za ta biya idan ma'aikaci ya ji rauni ko aka lalata wani abu a gidan, sannan ka je ka ga wani aikinsa da ya shekara biyu ko uku, tun da sabon aiki kowanne kyau yake yi.

Ka ba su duka bayanin aiki iri ɗaya a rubuce, in ba haka ba za ka kwatanta farashin abubuwa uku mabambanta kana zaton abu ɗaya ne.

Mataki na uku: kayan aiki da ƙa'idojin gini

Katakon da za a yi ƙashin dandamali da shi, wato ginshiƙai da katakan da ke ɗauke da alluna, ya zama wanda aka dura wa maganin ruɓa da gara, kuma wanda zai taɓa ƙasa yana da nasa matakin magani dabam da wanda ke sama. A nan akwai wani abu da masu gida da yawa ba su sani ba. Tun ƙarshen 2003 aka daina amfani da wani tsohon magani mai ɗauke da sinadarin asenik mai guba a katakon gidaje a Amurka, aka koma ga magunguna masu yawan tagulla, waɗanda ke cin ƙarfe da sauri. Don haka kowace ƙusa da noti da maƙalin ƙarfe dole su zama waɗanda aka tsoma a narkakken zinki, ko kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa, musamman idan gidan yana kusa da teku. Ka sa a rubuta wannan a takarda da sunan kayan. Tsohon katakon da aka cire kuwa kada a ƙona shi, domin hayaƙinsa da tokarsa guba ne.

Game da allunan sama, kana da zaɓi tsakanin katako na asali da allunan da aka haɗa da garin katako da roba. Na biyun sun fi tsada da farko, ba sa buƙatar shafe-shafe duk bayan shekara biyu ko uku, amma sukan yi zafi a rana, kuma ba a yin ginshiƙi ko ƙashi da su.

Dokokin gini sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka tambayi hukumar da ke ba da izinin gini a yankinku. Sauya 'yan alluna ba kasafai yake buƙatar izini ba, amma taɓa ginshiƙai ko katakon jikin bango yakan buƙata. A ƙa'idar da akasarin jihohin Amurka ke bi, alal misali, dandamalin da ya ɗara inci 30 daga ƙasa dole ya kasance da shinge mai tsayin inci 36, kusan santimita 91, kuma tazarar sandunansa ba za ta bar ƙwallo mai faɗin inci 4 ta wuce ba, don kada kan ƙaramin yaro ya shige. Ɗan kwangila ne ya fi dacewa ya karɓo izinin da sunansa. Idan ya ce a yi aikin a ɓoye don a rage kuɗi, ka sallame shi.

Mataki na huɗu: yarjejeniya

Takardar ta ƙunshi abin da za a cire da abin da za a bari, irin kayan da adadinsu, ranar farawa da ta gamawa, wanda zai kwashe tarkace, da tsawon garantin aikin hannu. Sai kuma sharaɗin da ya fi duka muhimmanci a irin wannan aiki, wato abin da za a yi idan an ɗaga alluna aka tarar da ruɓar da ba a gani ba da farko. Wannan yana faruwa sosai, kuma a nan ne mafi yawan rigima ke tashi, domin a lokacin dandamalin yana buɗe, mai gida ba shi da halin yin ciniki. Maganin shi ne tun kafin a fara a rubuta kuɗin sauya kowane katako ɗaya da kowane ginshiƙi ɗaya, a kuma amince cewa ba za a yi wani ƙarin aiki ba sai an nuna maka wurin ka sa hannu. Kai ma ka ware wani abu a gefe saboda haka.

Kada ka biya duka a gaba. Ka ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, ka biya kashi na gaba idan an gama ƙashin, ka riƙe na ƙarshe har sai ka gamsu, kuma ka karɓi rasit kowane lokaci.

Mataki na biyar: lokacin aiki da karɓarsa

A zaɓi lokacin da ba a yawan ruwan sama, a kwashe kujeru da tukwanen furanni, a kulle ƙofar da ke fita dandamalin saboda yara. Idan za a haƙa sabon rami don ginshiƙi, a tabbatar babu bututun ruwa ko wayar lantarki a wurin. Ranar da ta fi cancanta ka kasance a gida ita ce ranar da aka gama ƙashi ba a rufe shi ba tukuna, domin da zarar an buga alluna ba za ka sake ganin notoci da kwanon jikin bango ba. Ka duba cewa ginshiƙai suna zaune a kan maƙalin ƙarfe bisa kankare, an kuma shafa magani a duk inda aka yanke katako, an bar 'yar tazara tsakanin alluna don ruwa ya zube.

Sabon katako mai magani yakan zo a jiƙe, don haka ba a shafa masa mai ko fenti nan take. Bayan wasu makonni ka ɗiga masa ruwa, idan ya tsotse to ya bushe, idan ruwan ya taru a sama sai a ƙara jira. Ka tabbatar yarjejeniyar ta faɗi ko ɗan kwangilar ne zai dawo ya yi wannan shafen, da kuma ko kuɗinsa yana cikin kason ƙarshe da ka riƙe.