Yadda Mai Koyon Wasan Ces Zai Raba Lokacin Atisaye

Galibin wasannin masu koyon ces suna lalacewa ne a sakaci guda: an bar doki babu kariya, ko an bari dokin abokin karawa ya kai wa sarki da sarauniya hari a lokaci ɗaya. Saboda haka kacici-kacicin dabaru, irin waɗanda ake samu a shafukan intanet na ces kamar Lichess da Chess.com, su ne ya kamata su ɗauki kaso mafi tsoka. Amma kada su wuce rabin lokacinka. Idan awa 6 gare ka a mako, ka ba su 3, minti 25 zuwa 30 kullum. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi zama guda mai tsawo ranar hutu.

Yadda ake warware su ya fi yawansu muhimmanci. Kada ka taɓa ɗa sai ka lissafa layin har ƙarshe a kanka, haɗe da amsar da ta fi ƙarfi da abokin karawa zai iya bayarwa. Fara da duba hanyoyin yi wa sarki barazana, sannan abin da za a iya ci, sannan sauran barazana. Wanda ke jefa motsin da ya fara zuwa masa, in bai yi ba ya gwada wani, cacar hannu kawai yake koya. Ka ware tarin kacici-kacici masu sauƙi, kamar 200 zuwa 300, ka riƙa maimaita su har idonka ya gane tsarin kafin ka fara lissafi. Masu wuya kuma biyu ko uku a zama sun isa, ka ba kowane minti 10.

Matsalar kacici-kacici ita ce tun farko an gaya maka akwai mafita. A kan allo babu mai taɓa kafaɗarka ya ce ga dama ta zo. Shi ya sa za ka ga mutum makinsa na kacici-kacici ya hau sosai, na wasa kuwa yana nan inda yake. Maganin shi ne awa 2 na wasa mai tsawo, aƙalla minti 15 ga kowa da ƙarin daƙiƙa 10 bayan kowane motsi, sannan a bi wasan daki-daki. Wasan minti 3 nishaɗi ne, kada ka saka shi a lissafin karatu. Wajen bita, ka fara da kanka: rubuta inda kake ganin wasan ya juya da abin da kake tunani a lokacin. Bayan nan ne za ka kunna Stockfish, manhajar kwamfuta da ke auna kowane motsi da lambobi. In ka fara da shi, lambobi za ka gani ba dalili ba.

Awar da ta rage, yawancinta ta ƙarshen wasa ce. Capablanca, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, ya ba da shawarar a fara koyo daga nan. Ka iya kashe sarkin abokin karawa ta amfani da sarauniya, da kuma ta amfani da hasumiya (rook) ɗaya. Ka san yadda sarki ke tare sarki a wasan da soja (pawn) guda ya rage, sannan matsayin Lucena da na Philidor, wato sanannun tsare-tsare biyu na ƙarshen wasan hasumiya, na farko na cin wasa, na biyu na samun canjaras, domin wasannin hasumiya suna yawan zuwa. Buɗe wasa kuwa minti 15 ya ishe shi: kame tsakiya, fito da dawakai da bishof, ɓoye sarki da wuri. Haddace motsi 20 ɓata lokaci ne, tunda abokin karawarka zai kauce daga abin da ka haddace tun a na biyar ko na shida.

Bayan kowane wasa 10, ka ƙirga dalilan rashin nasararka. In 7 daga ciki barin ɗa ne a banza, koma kan kacici-kacici masu sauƙi. In kana samun rinjaye amma wasan yana ƙarewa canjaras, ɗebi awa ɗaya daga dabaru ka ƙara wa ƙarshen wasa na tsawon wata guda.