Kurakuran da ake yi da barkono mai tsananin yaji

Attarugun da muke markaɗawa kullum ba ƙaramin yaji gare shi ba. A ma'aunin yaji da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a Amurka a 1912, yajinsa na kaiwa daga maki 100,000 zuwa 350,000. Amma yana da 'yan uwa da suka fi shi nesa ba kusa ba. Bhut Jolokia na arewa maso gabashin Indiya ya haura miliyan 1, Carolina Reaper ya ɗara miliyan 1.6, shi kuwa Pepper X da ya shiga kundin bajinta na Guinness a 2023 ya kusa miliyan 2.7. Duk dangi ɗaya ne da attarugu, kurakuran da ake yi da su ma iri ɗaya ne, wahalar ce kawai ke ninkuwa.

Na farko shi ne gudu wurin ruwa. Abin da ke sa raɗaɗin, wato kafsaisin, ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Wanda ya kwankwaɗi ruwan sanyi ya ɗan samu sa'ida ne kawai, da ya haɗiye sai yajin ya dawo. A nemi madara, nono ko kindirmo, a kurɓa, a ɗan riƙe a baki kafin a haɗiye. Idan babu, lomar tuwo ko burodi ta fi kofin ruwa amfani.

Inda ya fi damuna shi ne hannu. Mace za ta yanka attarugu, ta ɗauraye hannu, ta ɗauka ya fita. Bai fita ba, yana nan manne a fata da ƙarƙashin farce, wani lokaci har washegari. Da wannan hannun za ta yi alwala ta wanke fuska, da shi za ta ɗauki jariri, ta share masa hawaye, ta ba shi nono. Yaro ya yi ta tsala ihu, a rasa abin da ke damunsa, alhali fatarsa ba ta kai ta babba ƙwari ba. Gyaran ba shi da wuya: a murza man gyaɗa a hannu sosai, sannan a wanke da sabulun wanke-wanke, a maimaita, a bi farce da buroshi. Mafi alheri dai a sa safar hannu ta roba tun farko, ko leda idan ita ce a kusa, kuma a cire ta ta baibai don kada yajin ya koma fata.

Idan ya shiga ido, kada a murza, kada a ɗiga mai ko nono. Ruwa mai tsabta za a yi ta kwararawa na kimanin minti 15. In zafin ya ƙi lafawa ko gani ya dushe, sai asibiti.

Masu cire 'ya'yan barkono don rage yaji kuwa sun bar jaki suna dukan taiki. Yajin ya fi taruwa a farin tantanin da 'ya'yan ke manne da shi. Shi za a kankare.

Sai turirin suya da ƙurar daka. Kada a soya irin wannan barkono a ɗaki rufe, kuma kada a leƙa injin markaɗe da zarar an buɗe murfi. A buɗe taga, mai dakan yaji ya sa takunkumi, a nisanta yara da masu asma. Wuƙa da turmi ma a wanke su da sabulu kafin a yi wani aikin da su.

Gasar cin yaji don a ɗauki bidiyo ita ce mafi haɗari. A 2023 wani yaro ɗan shekara 14 a jihar Massachusetts ta Amurka ya rasu bayan irin wannan gasa, binciken likitoci kuma ya nuna yana da matsalar zuciya tun haihuwa. Duk wanda ya ci barkono sannan ya fara ciwon ƙirji, numfashinsa ya sarƙe, amai ya ƙi tsayawa ko kansa ya sara da ƙarfi nan take, kada a zaunar da shi ana ba shi madara. A kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.