Yadda Ake Ƙirƙirar Al'ummomin Dajin Ciyawa a Labarin Almara

Duk wanda ya zauna rubuta labarin almara, irin wanda marubuci ke gina duniyarsa da kansa, da sarakunanta da aljanunta, zai iso wurin da tsaunuka suka ƙare, fili mai ciyawa ya miƙe iya ganin ido. A nan ne marubuta kan yi kasala, su zuba ƙabila ɗaya ta mahaya dawaki, kowa da mashi da rawani, su ce an gama. Mu da muke zaune tsakanin kogin Binuwai da Tafkin Cadi mun san fili ba ya zama haka, domin wanda ya tashi daga Marwa zuwa Kuseri, a arewacin Kamaru, ta hanyar Mora da Waza zai ratsa Fulani da Giziga da Mandara da Larabawa Shuwa da Kotoko kafin ya sauka daga mota. Ga hanyar da nake ganin ta fi dacewa a bi.

Da farko ka ajiye maganar mutane, ka ɗauki takarda ka zana ruwa. Ka sa kogi ɗaya da ba ya ƙafewa, da rafuka masu ƙafewa irin Mayo Kaliyawo na cikin Marwa, wanda da rani yashi ne zalla sai an tona a sami ruwa, sannan ka sa fadama mai faɗi da rijiyoyi da wurin kanwa. Kogin Logon yana tumbatsa a ƙarshen damina ya malale filin da Fulani ke kira yaayre, kuma idan ruwan ya janye sai ɗanyar ciyawa ta fito a lokacin da ko'ina ya bushe, shi ya sa garkuna ke zuwa daga nesa su yi rani a can. Ka kuma ware wani kurmi a gefen taswirar ka zuba masa tsando, saboda ƙudan da ke sa wa dabbobi sammore shi ne ke yanke wa doki da saniya iyaka, kuma inda doki ya tsaya nan ikon sarki mai dawaki yake tsayawa.

Mataki na biyu shi ne lissafin shekara. Ka rubuta abin da ke faruwa a kowane wuri da damina da kaka da hunturu da bazara. Misalin masakwa ya isa ya nuna amfanin wannan aiki. Ita dawa ce da ake dasawa a baƙar laka, wadda a nan ake kira karal, bayan ruwan sama ya ɗauke, ta girma da damshin da ƙasa ta riƙe, a girbe ta cikin rani. Wato manomi yana da amfani tsaye a gona daidai lokacin da makiyayi ke gangarowa da shanu neman mashaya. Marubucin da ya san wannan ba ya buƙatar ƙirƙiro mugun sarki kafin ya sami rigima, burtali ɗaya da aka nome ya ishe shi babi uku.

Sai a mataki na uku za ka kawo mutane, kuma al'ummomi uku zuwa biyar sun wadatar, fiye da haka mai karatu zai rikice. Kowace al'umma ka ba ta wuri a taswirar, ka bar wurin ya yanke mata abinci da gini da dukiya. Musgum na bakin Logon, inda itacen gini ya yi ƙaranci, sun shahara da ɗakunan laka masu tsini kamar an kifa tulu, da zane mai tudu a jikin bango wanda ke bi da ruwan sama ƙasa, ya kuma zama matakala ga mai gyara. Buduma na tsibiran Tafkin Cadi suna kiwon shanun kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Mafa sun sassaƙe duwatsun Mandara hawa-hawa suna noma, kuma dutsen ya kare su daga mahayan da ke farautar bayi a fili. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ado. Saboda haka ka yi wa kowace al'ummarka tambayoyi huɗu: me take ci a watan da rumbu ya ƙare, da me take biyan sadaki, wa ke raba gardama a cikinta, kuma ina take binne mamaci. Tambaya ta ƙarshe ta fi wuya ga masu yawo da dabbobi, kuma amsarta kan haifar da addininsu gaba ɗaya.

Kada kuma ka mai da al'umma ɗaya ta zama mutum ɗaya. Bafulatanin da ke fadar Lamiɗon Rai Buba da Bororon da ke kwana a ruga harshensu ɗaya, amma rayuwarsu ta yi hannun riga. A wajen Mafa da Kapsiki maƙera rukuni ne na dabam, suna aure a tsakaninsu, su ne ke binne gawa, matansu ke gina tukwane, ana buƙatarsu ana kuma ƙin cin abinci a ƙwarya ɗaya da su. Irin wannan rabuwa ta cikin gida ita ce ke ba ka jarumin da ke da abin ɓoyewa.

Mataki na huɗu, wanda a ganina ya fi kowane muhimmanci, shi ne ka ɗaure al'ummomin da igiyar buƙata. Makiyayi yana son gero, manomi yana son nono da takin da garke zai zuba masa idan ya kwana a gonarsa bayan girbi, dukansu suna son kanwa da bandar kifi da fartanya, kuma babu wanda ke samar da duka. Ka ja layi tsakanin kowace al'umma da maƙwabciyarta, ka rubuta abin da ke tafiya da abin da ke dawowa. Layin da ka rasa abin rubutawa a kansa alama ce cewa ɗaya daga cikin biyun ba ta da dalilin zama a labarin. Inda layukan suka haɗu ka kafa kasuwa, da kara irin ta garin Bogo kusa da Marwa, da dillali mai jiran la'ada, da mai masauki wanda ke tsaya wa baƙo. A nan mu Hausawan wannan yanki muke da abin da za mu ba labari, domin kakanninmu sun zo ne a matsayin fatake da mahauta da malamai da wanzamai, suka kafa unguwa a garin da ba su ke sarauta ba. Ka ƙirƙiri al'umma irin wannan, mai zama a kowane gari ba tare da ƙasar kanta ba, za ka ga ɗanta ya fi kowa dacewa ya zama idon mai karatu, tunda yana shiga ko'ina, ana saye a hannunsa, ana kuma rage murya idan ya matso.

Na biyar, harshe da suna. Ka zaɓi harshen kasuwa, kamar yadda Fillanci yake a Marwa da Garwa, Larabci a Njamena, ka bar wa kowa harshen gidansa. Ka ba kowace al'umma suna biyu, wanda take kiran kanta da wanda maƙwabta suka laƙaba mata: mu muna cewa Barebari, su suna cewa Kanuri, kuma Buduma Yedina suke kiran kansu. Ka sa wasan barkwanci tsakanin biyu daga cikinsu, irin na Fulani da Barebari, domin zagin da ba a fushi da shi yana nuna tsohon zama tare fiye da shafi goma na bayani.

Na shida, ka ba yankin tsohon tarihi da sabon rauni. Kotoko suna danganta kansu da Sao, waɗanda labaran baka ke cewa ƙattai ne, kuma har yau ana tono manyan tukwanensu a tsofaffin tuddai, wanda kusan almara ce da aka riga aka rubuta maka. Rabe ya zo daga gabas ya ci Bagirmi da Barno, aka kashe shi a Kuseri a 1900, Faransawa suka kafa gari a tsallaken kogi da sunan hafsansu Lami wanda ya mutu a yaƙin, garin da ya koma Njamena a 1973. Madatsar Maga da aka gina a 1979 don noman shinkafa ta rage ambaliyar yaayre, ciyawa da kifi suka ja baya, har sai da aka sake buɗe wa ruwa wata hanya a 1994. Ka yi wa duniyarka abu makamancin wannan, sannan ka rubuta yadda kowace al'umma ke ba da labarinsa, ka tabbatar ba su yi daidai ba.

Sihiri ya zo a na bakwai, kuma ka tsiro da shi daga sana'a. Masunta su sami mai magana da ruwa, makiyaya mai ɗaure bakin kura, mutanen dutse mai duba, kamar masu duba da ƙaguwa na Rumsiki a duwatsun Mandara. Kowane asiri ka sa masa farashi da abin da ke karya shi.

Daga nan sai ka koma ka goge sawun aro. Bai dace ka ɗauki Musgum ko Shuwa ɗungurungum ka canja musu suna ba, musamman idan su ne za su zama miyagun labarin, domin mai karatunka maƙwabcinsu ne kuma zai gane su. Ka ɗauki dalilin, ka bar siffar: idan naka mutanen ba su da itace, ka nemo musu wani abin gini da taswirarka ta tanada. Bayan haka ka rubuta shafi ɗaya na ranar kasuwa, cinikin bijimi guda daga bakin mutum uku, ka cire sunayen ƙabilunsu, ka miƙa wa wani ya karanta. Idan ya kasa faɗa maka wanda ya zo daga fadama da wanda ya sauko daga dutse, ka koma mataki na uku ka sake amsa tambayoyin nan huɗu.