Yadda za ka gwada ko 'yan kallo sun fahimci wata fitowa a cikin fim ɗinka

Daraktoci da yawa suna ɗauka cewa da zarar idon ɗan kallo ya sauka inda aka nufa, saƙo ya isa. Ba lallai ba ne, kuma za ka iya tantancewa da kanka kafin fim ya shiga kasuwa.

Fara da zaɓen gajeriyar fitowa wadda ma'anarta ta dogara da abin da ya gabace ta. Masu bincike irin su Lester Loschky na Jami'ar Jihar Kansas a Amurka da Tim Smith na Ingila sun yi amfani da farkon fim ɗin Touch of Evil na Orson Welles, na 1958. Wani mutum ya dasa bam a but ɗin mota, kyamara kuma ta bi motar cikin gari fiye da minti 3 ba tare da yanka ba.

Daga nan raba masu kallo gida biyu. Kashin farko su kalla tun daga tushe, kashi na biyu ka cire musu abin da ya gabata, wato kamar dasa bam ɗin. Cikin masu kallon, ban da 'yan wasan fim ɗin, ban da duk wanda ya karanta labarin. Kowa ya kalla shi kaɗai, don in aka taru, mutum ɗaya zai yi salati ya tona wa sauran asirin.

Kafa waya a saman allo tana ɗaukar fuskar mai kallo. Ba ta kai na'urar bin diddigin ido ba, amma za ta nuna maka hagu da dama. Kada ka yi mamaki in kason biyu suka kalli wuri guda. Abin da binciken su Loschky na 2017 ya gano ke nan: waɗanda suka san da bam da waɗanda ba su sani ba, idanunsu kusan hanya ɗaya suka bi. Motsi, fuskoki da tsakiyar hoto suna jan ido ko mutum ya san labari ko bai sani ba.

Nan ne aikin yake. Tsayar da fim ɗin kafin ƙarshe, ka tambaya: "Me kake jin zai faru yanzu?" Kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Rubuta amsar yadda ta fito daga baki. A wancan bincike, waɗanda suka ga bam sun fi ambaton fashewa. In naka kashin farko sun kasa hasashe, matsalar tana cikin fitowar da ta gabata: ƙila hoton ya wuce da sauri, ko kyamara ta yi nisa da abin. Can za ka koma da edita. In kuma kashi na biyu ma sun canka, ka riga ka fallasa da yawa.

Kada ka faɗa musu abin da za su nema kafin su fara. Tun 1967 Alfred Yarbus na Rasha ya nuna cewa tambayar da aka yi wa mutum tana canza inda idonsa ke zagayawa a hoto. "Ga fim, ka kalla" ya wadatar.