Yadda ake haɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya

Wanda ya taɓa shan ruwan randa a tsakiyar bazara ya riga ya san aikin nan. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, shi kuwa ruwa ba ya bin iska sai ya kwashi zafi ya tafi da shi. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukwane biyu, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000.

A samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, yadda in an saka ɗaya cikin ɗaya za a sami tazarar yatsu biyu zuwa uku. Babbar kada ta kasance mai fenti ko shafen siminti, domin ta jikinta ruwan zai fita.

A zuba yashi a gindin babbar, a ɗora ƙaramar har bakinsu ya zo daidai, sannan a cike tsakaninsu. Yashin rafi ya fi, a tankaɗe a wanke shi. Turɓaya toshe jikin tukunya take yi. Sai a bi yashin da ruwa kaɗan-kaɗan har ya ƙoshi. In an kwarara lokaci guda, ƙaramar tukunyar na iya tasowa.

Kafa hannu a jikin babbar bayan ɗan lokaci, za ka ji danshi da sanyi. Zafi kullum daga inda ya fi yawa yake gangarawa zuwa inda ya yi ƙaranci: ya bar tumatir ya shiga jikin ƙaramar tukunya, ya ratsa jiƙaƙƙen yashi, iska ta yi gaba da shi.

Shi ya sa wurin ajiya ya fi komai muhimmanci. Inuwa ake so, mai iska, kamar ƙarƙashin rumfa. Da yawa sukan cusa ta a ƙuryar ɗaki su ja ƙofa, sannan su ce dabarar ƙarya ce. Ina iskar da za ta kwashe zafin?

A zuba tumatir, attaruhu, yalo ko alayyafo, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Da damina sanyin na raguwa, don iskar ma ta ƙoshi da danshi. Albasa kuwa a bar ta a waje, danshi ruɓar da ita yake yi.